Lissafin Zafi a Ƙasar Ƙanƙara

Ta tagar jirgin ƙasa na fara ganin Rasha, bayan gari ya waye. Filin jirgin sama na Mosko ban riƙe komai nasa ba, in ban da dogon layi da wata ma'aikaciya da ta daɗe tana duban fasfona tana duban fuskata. A jirgin ƙasa ne na zauna na yi kallo. Itatuwa ne farare dogaye marasa ganye, sun jeru har inda ido ya ƙare, ƙasa kuma baƙa ce jiƙaƙƙiya. Na yi ta jiran in ga gona, ko garke, ko mutum bisa jaki, ban gani ba.

Sunana Haruna, mutumin Dogon Kiriya ne ni. Na yi lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, na yi lisansi ta lissafi da fizik, digirin farko ke nan, a Yamai, sannan na yi aikin malamin kwantaragi a wani kolej a Sukukutane, inda yara ke ce mini mushe Haruna, wato malam da Faransanci, alli kuma yakan ƙare mana kafin wata ya ƙare. Ina can na sami bursu, wato tallafin karatu, ta zuwa yin masta a fannin da ake kira lissafin fizik. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. A gida akwai Inna, sai yayana Mamman, wanda ke riƙe da gonar gado, yana kuma jigilar kaya da amalanke ranar kasuwa. Su biyun nan na bari.

A ɗakin jirgin mu biyu ne da wata tsohuwa. Tun da na shigo take kallon takalmana, na kanti ne marasa kauri da na sayo a Yamai. Can ta kwance wani ƙulli, ta fito da dafaffen ƙwai da burodi, ta turo mini. Ta yi magana mai tsawo, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, na dai yi ta gyaɗa kai. Da za ta sauka a wata ƙaramar tasha, sai ta zaro safa mai kauri saƙar hannu daga jakarta, ta ajiye a cinyata, ta nuna ƙafafuna. Ban san yadda ake godiya da harshensu ba tukuna. Na yi mata da Hausa.

Birnin da aka tura ni yana bakin kogin Volga. A tasha na tarar da Usmanu yana jirana. Ɗan Dogon Dutsi ne, babansa na da shagon kayan gini, shi kuwa ya yi shekaru a ƙasar yana karatun dokta a sashen da zan shiga. Ɗaliban Nijar da ke garin ba su da yawa, kuma duk shi ne babbanmu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Barka da isowa, ɗan ƙauye. Wagga rigar taka ta sanyin Yamai ce, nan ba ta kai ka bakin titi." Jin Hausar Arewa, irin ta garinmu, a bakinsa ya sa na ji ƙafafuna sun taka ƙasa.

Shi ya kai ni kasuwar gwanjo ya zaɓo mini kwat da takalman sanyi. Shi ya raka ni wurin ƴan sanda aka yi mini rajista. Ya nuna mini mahaucin da ke yankan musulunci, ya koya mini yadda ake tuƙa tuwo da garin alkama, ya buɗe wani gwangwani da yake ɓoye kuka a ciki ya yi mana miya. Dole in faɗi wannan tun yanzu, domin gaskiya ne: ba don Usmanu ba, da ban ƙetare sanyin farko ba.

Shekarar farko ta harshe ce. Ni da na saba tsayawa gaban tablo, allon aji, ina tsawata wa yara, sai ga ni a benci ina maimaita baƙaƙe kamar ɗan ajin farko. Da sanyi ya kama sosai, rana kan leƙo da hantsi, kafin ka idar da la'asar duhu ya rufe. Azahar da la'asar da magariba suka matse wuri ɗaya. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne rashin gaisuwa. A Dogon Kiriya in ka haɗu da mutum sai ka tambayi gida da gajiya da dabbobi kafin ka wuce. A can na gaida wani mutum a matakalar gidan kwananmu, sai ya ja da baya kamar zan roƙe shi wani abu. Na ci gaba da gwadawa na ɗan lokaci, daga baya na bari. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Na dai lura abinci ya daina yi mini daɗi ko rashin daɗi, ina ci ne kawai don lokaci ya yi.

Mamman kan aiko da saƙon murya ta salula in ya je inda rezo, layin waya, ke kamawa. Yakan ba Inna ta yi magana, ita kuwa ba ta saba da abin ba, sai ta yi ta sallama tana jiran amsa, sannan ta tambaya ko ina cin abinci, saƙon ya yanke. Nakan amsa da cewa komai lafiya lau.

Bursu ba ta isa, kuma ba ta zuwa kan lokaci. Kamar sauran ɗalibai baƙi, na shiga aikin kai wa mutane abinci gidajensu, da ƙaton akwati a baya, a ƙafa. Aikin da salula ake yinsa, ita kuwa ba ta jin yatsa in yana cikin safar hannu, don haka kullum kana cirewa kana mayarwa. Wata rana da sanyi ya kai intaha, safar hagu ta faɗi ban sani ba. Na ce bari in ƙarasa kai saƙon da ke bayana. Ko da na duba hannun, yatsu biyu sun yi fari fat, na matsa su ban ji komai ba.

Akwai wani ƙaramin masallaci na Tatarawa, musulmin yankin, kusa da wurin. Na shiga na nufi bututun ɗumama ɗaki zan manna hannun. Wani dattijo da ke zaune da carbi ya miƙe ya riƙe mini wuyan hannu, ya girgiza kai. Ya buɗe rigarsa ya cusa hannuna a hammatarsa, ya riƙe. Muka tsaya haka, ni da mutumin da ban taɓa gani ba, gemunsa na taɓa kafaɗata. Daga baya ya kawo ruwa mai ɗumi kaɗan a kwano ya sa yatsun, ya ba ni shayi da madara. Ya tambaye ni daga ina, na ce Nijar, ya ce Najeriya, na ce a'a, ya ce to duk ɗaya ne, musulmi dai. Yatsun sun dawo, amma har yau kawunansu ba sa bambanta ruwan zafi da na sanyi sosai.

A shekara ta biyu aka shiga karatun da ya kawo ni. In aka tambaye ni mene ne lissafin fizik, ga iyakar abin da zan iya cewa. Akan ɗauki wani abu da ke faruwa a duniya, kamar yadda zafi ke bin sandar ƙarfe, ko yadda tsirkiyar gurmi ke rawa in an kaɗa ta, ko yadda ruwa ke ratsa ƙasa, a rubuta shi da lissafi. Daga nan aikinmu ke farawa. Sai mu tabbatar lissafin nan yana da amsa, amsar kuma guda ɗaya ce, kuma in an ɗan taɓa farkon abin ƙarshensa ba zai haukace ba. Wani lokaci mutum kan yi wata yana kan layi ɗaya.

Malamar da aka ba ni ta duba aikina sunanta Madam Galina, tsohuwa ce ƴar ƙarama, hannun rigarta kullum fari da alli. Harshensu ba ya furta sunana daidai, Garuna take ce mini. Ranar da za ta ba ni batun kundin kammala karatu, wanda mu muke ce wa memuwar, sai ta tambaye ni irin ƙasar garinmu. Na ce rairayi ne, da tsakar rana ba ka iya taka shi ba takalmi, amma in ka tona kamu ɗaya sai ka ji sanyi da laima. Ta ce to batuna ke nan. Zafi yana sauka cikin ƙasa mai hawa-hawa, laima tana canza saurin saukarsa, shi kuma yana korar laimar. Ta ce akwai wani mataki a lissafin da ba ta san wanda ya warware shi yadda ya kamata ba. In na warware, akwai gurbi ɗaya na karatun dokta da akan ba baƙo, za ta tsaya mini.

Abokan karatuna ba su damu da dokta ba. A kantin cin abinci hirarsu duk ta inda za a kama aiki ce. Wannan banki yake hari, inda ake neman masu lissafin haɗarin bashi. Wancan ya riga ya fara rubuta wa kamfanin waya manhaja. Wata yarinya mai kaifin kai ta ce kamfanin mai za ta, can inda sanyi ya fi na nan, saboda albashi. Akwai mai son ma'aikatar hasashen yanayi. Suka ce fanninmu kamar tasha yake, mota ta ko'ina tana tashi daga ciki. Ni dai burina ɗaya ne, in yi dokta in koma gida in koyar a jami'a, in daina rabon alli da ƙarshen wata.

Na yi watanni ina bugun matakin nan, ina bin hanya tana toshewa. Shekara ta uku ta shigo, sanyi ya dawo. Madam Galina ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita asibiti, ba a barin ɗalibai su dame ta. Na ci gaba ni kaɗai. Wata Lahadi da hantsi, ina zaune bakin gado, sai na ga in aka canza abin da ake aunawa, aka haɗa zafin da laimar suka zama abu ɗaya, wurin da ke toshewa buɗewa yake. Na rubuta, na sake bi daga farko, ya tsaya. Rabon da in ji ƙirjina ya buga haka tun ina gida.

Ba ni da wanda zan nuna wa sai Usmanu. Batun doktarsa maƙwabcin nawa ne, a ƙarƙashin shugaban sashenmu yake yi, kuma na san ya daɗe a tsaye wuri ɗaya. Na same shi a kicin yana yanka albasa. Na shimfiɗa takardun a kan tebur na bi masa layi-layi. Ya ajiye wuƙar, ya bi takardun da ido. Sannan ya ce aiki ya yi kyau, bari ya ɗauki hotonsu da salula ya duba mini a natse ko akwai kuskure. Ni na riƙe masa takardun yana ɗauka.

Lokacin jarrabawar tsakiyar sanyi ya zo. Jarrabawarsu ta baki ce. Za ka shiga, ka zari takarda ɗaya cikin waɗanda aka kife a tebur, tambayar da ka ci karo da ita ka amsa a gaban tablo. Ina tsaye a baranda da safe ina jiran a kira ni sai salula ta yi ƙara. Mamman ne. Bai taɓa kirana kai tsaye ba saboda tsada, don haka tun kafin in ɗauka na jingina da bango.

Ya ce, "Haruna, sai haƙuri. Inna ta cika jiya bayan la'asar. Mun rufe ta."

Na yi salati. Ya ce ta yi jinya tun bayan girbi, ita ce ta hana a gaya mini, ta ce kada a tayar mini da hankali ina tsakiyar karatu. Ya ce ba ta sha wuya sosai ba a ƙarshe. Yana cikin magana aka buɗe ƙofa aka kira sunana. Na ce masa zan kira shi an jima.

Na shiga na zari takarda. Tambayar rawar tsirkiya ce. Na ɗauki alli na rubuta daga sama har ƙasa, muryata ba ta canza ba. Malamin ya yi mini tambayoyi na amsa, ya ba ni maki mafi girma. Na fito na tafi kanti na ci miyar kabeji da burodi. Da rana na goya akwatina na kai wa mutane abinci. Na yi ta sauraron kaina ina jiran abin ya zo, bai zo ba. Kuɗin jirgi ba ni da su, in ma da su, an riga an rufe ta. Usmanu ne ya tara ƴan Nijar a ɗakinsa, ya dafa shinkafa, ya ja addu'a. Da aka shafa ya dafa kafaɗata ya ce in ɗauke shi kamar Mamman.

Da ƙanƙara ta fara narkewa na gama rubuta memuwar na miƙa. Kafin a yarda ka kare kundi, sai an sa shi a kwamfuta ta bincika ko ka kwafi aikin wani. Bayan ƴan kwanaki sakatariyar sashe ta kira ni ofis, ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Tsakiyar kundin, wurin da duk aikin yake, ya yi ja. Ta buɗe mini wata mujallar lissafi da ta fito a watan da ya wuce. Ga lissafina nan, har da baƙaƙen da na zaɓa da kaina don sanya wa abubuwa suna. A sama akwai suna biyu, na Usmanu da na shugaban sashe. Sakatariyar ta ce hukuncin kwafe kora ne, amma za a jira malamata.

Na karanta shafin har ƙarshe. Na lura sun gyara wani ƙaramin kuskure da na yi a layi na kusa da ƙarshe. Na tuna na ce a raina gyaran daidai ne.

Madam Galina ta dawo aiki tana dogara sanda. Ba ta tambaye ni ko na kwafa ba. Ta kai ni wani aji da ba kowa, ta zauna a bencin gaba, ta miƙo mini alli. Ta ce ba amsar take so ba, amsa kowa ya gani a mujalla. In nuna mata hanyoyin da na bi suka toshe kafin in samu. Na yi ta rubutawa ina gogewa, ina nuna mata inda kowace ta kai ni da abin da ya kashe ta, har tablo ya yi fari. Da na gama ta daɗe tana duban sandarta.

Ta ce, "Garuna, wanda ya kwafa bai san waɗannan ba. Na yarda aikinka ne. Amma yardata ba hujja ba ce a gaban kwamiti."

Ta gaya mini gaskiya ba ta rufe komai ba. Ina iya kai ƙara. Amma sunan shugaban sashe na kan takardar, shi kuwa wataƙila bai ma san inda lissafin ya fito ba, ɗalibinsa ya kawo masa ya sa hannu. Binciken zai iya cin shekara, bizata kuwa da bazara za ta ƙare, kuma ba a sabunta wa wanda ake tuhuma. Ko kuma in janye kundin, ita ta ce wa kwamiti kuskuren ambaton tushe ne, ta ba ni wani batu ƙarami in gama cikin watannin da suka rage. Gurbin dokta dai ya tafi ko ta wace hanya.

Da la'asar na je ɗakin Usmanu. Yana ganina ya san abin da ya kawo ni. Bai musa ba. Ya zauna bakin gado ya ce tasa bursun ta ƙare tun bara, ba a barin mutum ya kare dokta sai ya fitar da sabon abu a mujalla, shi kuwa kansa ya tsaya, ya yi iya yinsa. Yana da mata da ƴaƴa a Yamai, ƙaramar ba ta san fuskarsa ba sai a hoto. Babansa ya gaya wa duk kasuwar Dutsi ɗansa zai dawo dokta. Ya ce bai zaci zan sa lissafin a memuwar kafin ya yi mini bayani ba, ya yi niyyar ya gaya mini, rasuwar Inna ce ta sa ya kasa.

Ya ce, "Kai yaro ne, Haruna, kanka na da kyau. Kana samo wani. Ni in ban fita bana ba, ba ni fita."

Na tsaya ina kallon gwangwanin kukar nan a kan taga. Na nemi fushi a cikina ban samu ba. Na ce masa to, na ji. Ya tambaya ko zan kai ƙara, na ce ban sani ba tukuna. Ya ce in zauna mu ci abinci, na ce na ƙoshi.

Ban kai ƙara ba. Sabon batun da Madam Galina ta ba ni na ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, yadda yake gangarowa zuwa rijiya in ana ja da famfo, da yadda za a lissafa shi da kwamfuta. Ba sabon abu a ciki, aiki ne na haƙuri kawai. Tun da hawa matakalar jami'a na ba ta wuya, sai ta ce in riƙa zuwa gidanta kowace Asabar da rana. Ɗaki biyu ne cike da littattafai. Takan dafa shayi ta kawo da wani zaƙi na ƴaƴan itace da take yi da kanta, ta gyara mini lissafi, ta gyara mini Rashanci, wani lokaci ta yi gyangyaɗi a kujera in ci gaba da aiki har ta farka. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Sau ɗaya dai, da ta ji labarin Inna a bakin sakatariya, ta ɗora tafinta a bayan hannuna ta bar shi nan na ɗan lokaci, sannan ta ce mu koma shafi na gaba.

Na kare kundin a farkon bazara. Shugaban sashe ne ya jagoranci zaman. Aka ba ni maki matsakaici, ya miƙo mini hannu na karɓa. A lokacin nan ne Usmanu ma ya kare doktarsa. Ya yi walima ya gayyace ni, na je. Ya gabatar da ni ga baƙinsa a matsayin ƙanensa da ya riƙa tun ranar da ya sauka daga jirgi. Ba ƙarya ya yi ba. Na ci abinci, na taya wanke kwanoni, na koma ɗakina.

Wani tsohon ɗalibin Madam Galina na da ƙaramin kamfani mai lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa wa masu haƙar ma'adinai. Ta kira shi a gabana ta ce ya ɗauke ni koyon aiki, da haka aka ƙara mini biza. Na yi kusan shekara a wurinsa, ina zaune gaban kwamfuta daga safe zuwa yamma. A nan na koyi abin da nake ci da shi yau. Da bizar ta sake ƙarewa ban nemi ƙari ba. Na je sallama da Madam Galina, ta ba ni wani tsohon littafinta na lissafin zafi, ta ce kada in bar hannuna ya manta alli.

Yanzu ina Dogon Dutsi. Ina aiki da wani kamfani mai haƙa rijiyoyin foraj, wato burtsatse, a cikin dallol, babban kwarin yankinmu, da ƙauyukan kewaye. Su auno ƙasa da na'ura, ni in lissafa inda ruwa yake da yawan da za a iya ja ba tare da an ƙafar da rijiyoyin mutane ba. Da yamma ina koyar da lissafi a wata lise mai zaman kanta. Ba shi na tafi nema ba, amma aiki ne, kuma in ruwa ya fito mata kan yi guɗa. Usmanu na koyarwa a jami'a. Mukan haɗu wurin suna ko jana'iza in ya zo Dutsi, mu gaisa.

Ranar da na fara komawa Dogon Kiriya damina ta yi nisa, hatsi ya fi mutum tsayi. Motar kasuwa ta kafe a rairayi muka sauka muka tura. Na tarar da ɗakin Inna an mai da shi wurin ajiyar buhuna. Bayan mutane sun gama zuwa yi mini barka da zuwa da ta'aziyya a haɗe, na ce wa Mamman ya kai ni makabarta.

Muka bi ta bayan gari. Damina biyu ta sauka a wurin tun da aka rufe ta, ciyawa ta rufe ko'ina, tudun kaburbura sun kwanta sun zama ɗaya da ƙasa. Mamman ya tafi kai tsaye wajen wata sabara, ya tsaya, ya dawo baya kaɗan, ya duba hagu. Ya ce ya kafa icce a kanta, wataƙila dabbobi sun ture shi. Ya share ciyawa da ƙafa, ya sake matsawa. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya ce, "Tsakanin nan da nan ne. Ban so in yi maka ƙarya."

Na ce ba komai. Muka durƙusa a tsakiya, muka yi addu'a ga duk wanda ke kwance a wurin. Mamman ya share hawaye da bakin rigarsa. Ya ce in ina son in zauna ni kaɗai zai jira ni a hanya. Na zauna. Akwai tururuwa na jan wani ƙwaro, na bi su da ido har suka shige rami. Na tashi na same shi.

A hanyar dawowa ya ce in mata suka tambayi Inna abin da ɗanta ya tafi karantawa a ƙasar Turawa, sai ta ce lissafi ne, amma ba na kuɗi ba. Ya ɗan yi dariya. Muka yi tafiya kaɗan, sannan ya juyo ya ce, "To wai na mine ne?"

Na buɗe baki, sai na ga da Rashanci na san amsar, da Faransanci ma na sani, amma ban taɓa faɗinta da Hausa ba. Na ce masa bari mu isa gida in gaya masa. Da muka isa an kawo fura, maƙwabta sun sake taruwa. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Da gari ya waye ya miƙo mini hauya, muka tafi gona.